Batirin da Ya Kumbura a Falon Baba

Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni. Babbar mota ya ja shekara da shekaru, ya kai wake da albasa kudu, ya dawo da goro da manja, har Allah ya buɗa masa ya sayi tasa, ya ƙara wata, ya koma wasu ke ja masa. Da ƙarfinsa ya kawo sai ya sayi wani tsohon gida a Nassarawa GRA, irin ginin Turawan nan mai doguwar baranda da silin katako, da fili a gaba wanda sai ka ɗan taka kafin ka kai get. A nan ni da yayana muka ƙarasa girma.

Shekarar da ya samu shanyewar ɓarin jiki ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ina aure a Badawa. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, yayana kuma yana aiki a ƙasar waje. Ɓangaren dama ne ya shanye, hannu da ƙafa, ciwon kuma ya tafi da maganarsa. Yana iya cewa "e" da "a'a", yana iya salati, amma in ya nemi wata kalma sai ta maƙale, ya yi ta motsa baki har ya gaji ya kau da kai. Mutumin da in ya yi gyaran murya a get ana ji daga kicin, ya koma zama a keken guragu yana kallon bango.

Kullum na tashi daga makaranta can nake wucewa. Wanda ke tare da shi sauran lokacin shi ne mai kula da shukokin gidan, wani dattijo mutumin Jigawa da muke kira Malam. Tun muna 'yan makaranta yake gidan. Da Baba ya kwanta, ba wanda ya ce masa komai, shi ya ɗauki yi masa wanka da ɗora shi a keke. Sai kuma wata mai gashin ƙashi, Kirista 'yar Zariya, da ke zuwa sau uku a mako, muna ce mata Sista. Takan sa wa Baba ƙwallon roba a hannun dama ta ce ya matsa. Sai ya dube ta, ya buɗe yatsu, ƙwallon ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Hannun nan bai mutu ba," ta ce mini wata rana muna tsaye a baranda. "Mai hannun ne ba ya so."

Da yayana ya zo hutun Sallah, ya zo da wata ƙaramar mota mai rimot. Tasa ce, abin wasansa ne a can, shi da abokan aikinsa suke tsere da irinta ranar hutu. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba, tayoyinta masu kaushi. Na yi masa dariya, na ce gemai-gemai da kai. Bai kula ni ba, ya ajiye ta a tsakuwar tsakar gida ya ja kunamar rimot ɗin.

Ban taɓa ganin ƙaramin abu ya yi gudu haka ba. Kafin in juya ta kai get, ta watsa tsakuwa, ta yi kwana ta dawo tana wani siririn kuka. Kadangarun da ke shan rana a katanga duk suka tarwatse. Malam ya ajiye tiyon ban ruwa yana faɗin "Ikon Allah."

Baba na baranda a kekensa. Ni na fara lura cewa kansa na bin motar, dama da hagu. Can sai ya miƙa hannun hagu yana neman rimot ɗin.

Rimot ɗin kamar bindiga yake: ana riƙe shi da hagu, ɗan ali na kan kunama, a gefe kuma akwai ɗan sitiyari da ake murzawa da yatsun dama. Yayana ya ɗora masa hannun daman a kan sitiyarin. Ranar farko motar ta afka cikin fulawa, ta daki bokiti, ta kifa sau biyu. Baba bai saki ba sai da batir ya ƙare. Da yayana zai koma, ya bar motar.

Cikin wata guda abin ya zama abin kallo. Baba ya sa Malam ya jera tukwanen fulawa biyu kusa da juna, tazararsu da kyar ta fi faɗin motar, ya riƙa shigar da ita da baya, a hankali, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Haka yake shigar da babbar mota lungun kasuwa a zamaninsa. Yatsun da suka ƙi ƙwallon roba su ne suke murza sitiyari kaɗan-kaɗan kamar mai jan carbi. Sista ta tsaya ta kalla ranar nan har ta manta da jakarta a kafaɗa. Daga nan ta daina zuwa da ƙwallon.

Damuwar ɗaya ce: batir. Ɗaya ne tak, girmansa kamar sandar sabulu, a naɗe da baƙar leda mai kauri. Ba ya wuce minti ashirin a mota, amma cajinsa sai ya ci awa guda. In motar ta fara sanyi Baba sai ya ɓata rai, ya dube ni, ya dubi soket. Ranar da yayana zai tafi ya tsaya yana mini bayanin cajar, akwatinsa na cikin mota, direba na jira. Na yi ta gyaɗa kai, hankalina na kan abincin da na ɗora. Abin da na riƙe shi ne wayoyi biyu ke fitowa daga batirin, ɗaya mai kauri, ɗaya kuma siraran wayoyi masu ɗan farin kai. Ɗan farin kan yana da wuyar sawa, sai na lura ko ban sa shi ba cajar na aiki, na daina sawa. Daga baya na gano wani maɓalli da in na danna lamba ta ƙaru, cajin ya fi sauri. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara.

Ranar Asabar ce a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ganyen mangwaro ba ya motsi. Kwana biyu ba wuta. Baba ya yi tuƙinsa da hantsi da ɗan cajin da ya rage, motar ta tsaya a tsakiyar fili, sai ga fanka ta fara juyawa, an kawo wuta. Na ce bari in yi sauri kafin a ɗauke. Na zaro batirin daga motar, yana da zafi har sai da na sauya hannu. Na ga gefensa ɗaya ya ɗan lotsa tun ranar da motar ta daki katanga, ban ɗauke shi komai ba. Na jona shi, na ƙara lamba har inda ta tsaya, na ajiye shi a kan kujerar kushin da ke kusa da taga, don nan soket yake. Malam ya turo Baba falo saboda fanka. Ni kuma na shige kicin.

Ina yanka kuɓewa na ji ana buga sanda a tebur. Na ɗauka ruwa yake so, na ce ina zuwa. Aka ƙara bugawa. Sai na ji an kira sunana.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Wata bakwai rabon da in ji sunana a bakinsa. Kuma ba a karye ya fito ba, cikakke ya fito, da tsohuwar muryar nan tasa mai kauri.

Na shigo falo na tarar da shi ya karkato gaba a keken, sandarsa na nuna kujera. Batirin ya tashi kamar fanke a cikin mai. Ledar ta miƙe tana ƙyalli, gefen da ya lotsa ya fi ko'ina tudu. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika wurin, kamar na maganin goge jan farce. Na nufe shi da hannu.

"Kar ki taɓa," in ji Baba.

Na tsaya cak.

"Kashe bango."

Na kashe soket, na zare filogin. Batirin na wani ɗan ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen ganye.

"Malam," Baba ya ce. "Shebur."

Allah ya sa Malam na bayan taga yana haɗa yashi da taki don sababbin tukwane, duk ya ji. Ya shigo da shebur a hannu ɗaya, kwanon sarki mai rabin yashi a ɗaya. Bai yi gudu ba. Ya ajiye kwanon, ya zura bakin shebur ƙarƙashin batirin a hankali, ya ɗago shi har da cajar tana reto, ya kwantar da su a kan yashin. Ya ɗauki kwanon ya miƙe hannuwansa nesa da fuska, ya kau da kai gefe, ya sauka matakalar baranda ɗaya bayan ɗaya. Na bi bayansa da ido ina lissafa takunsa ba tare da na san ina yi ba. Ya kai tsakiyar tsakuwa, inda ba bishiya ba mota, ya dire, ya ja da baya.

Na turo Baba bakin ƙofa don ya nuna yana son gani. Muka tsaya mu uku. Ɗan lokaci ba abin da ya faru, har na fara jin kunya, na ce a raina ko mun firgita ne a banza.

Sai batirin ya yi tsaki mai tsawo, kamar an huda taya. Farin hayaƙi ya fito da ƙarfi, ba tashi yake ba, feshi yake. Daga cikin hayaƙin wuta ta ɓullo, ta miƙe tsaye ta kai ƙirjin mutum. Ba irin wutar itace ba ce mai lanƙwasa tana lasar iska. Wannan a miƙe take, tana huci, gindinta fari fat, har da rana tsaka sai da na kare idona. Tartsatsi na faɗawa a tsakuwa. Na ruga zan ɗauko bokitin ruwa, Malam ya ɗaga mini hannu.

"Bar ta, Hajiya. Ba ta da abin ci a nan. Kar ki matsa."

Wutar ta lafa, ta koma baƙin hayaƙi. Na sauke ajiyar zuciya, na ɗaga ƙafa zan sauka. Baba ya tare ni da sanda. Ko ƙiftawa ban yi ba ta sake tashi, karo na biyu, ta ma fi ta farko. Daga baya na san cewa ɗakuna biyu ne a cikin batirin, na farko ya ƙone ya kunna na biyu. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na gani shi ne abin da nake ɗauka da yatsu biyu, in jefa a jaka tare da makullai, yana fitar da wutar da za ta iya cinye gidanmu.

Da ta mutu, Malam ya ɗebo yashi ya binne kwanon har ya yi tudu. Ya tsaya ya jingina da shebur yana kallon wurin.

"Alhaji," ya ce, "ni ɗan maƙera ne. A bakin zuga na tashi. Na ga ƙarfe ya yi ja, na ga ya yi fari. Amma wutar da ba gawayi, ba mai zuga ta, ta tashi da kanta daga abin da bai kai tafin hannu ba, yau na fara gani."

Baba ya gyaɗa kai. Idonsa na kan tudun yashin.

Na koma falo don in buɗe tagogi, sai na ga kujerar. Inda batirin ya zauna yadin ya yi baƙi, soson ciki ya narke ya lotsa. Labulen taga na taɓa hannun kujerar. Sama da shi silin katako ne da ya girme ni. Inda keken Baba yake ɗazu kuma taku uku ne daga wurin, kuma ba ya iya tura kansa da hannu ɗaya. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba a lokacin.

Malam ya turo Baba kusa da ni. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo."

Ya daɗe yana neman kalmomin. Na ga suna zuwa masa ɗaya-ɗaya, da kyar.

"Mota," ya ce. "In ta yi tafiya." Ya tsaya ya huta. "A bar ta. Ta huce."

Ya ɗora mini hannun dama a ka. Nauyinsa kawai na ji, don bai iya shafawa ba.

Da yamma na kira yayana na faɗa masa komai, har da maɓallin da ɗan farin kan.

"Laifina ne," ya ce. "Na bar miki abu ina tsaye a bakin mota. Wannan farin kan da kike bari, ta nan cajar ke ganin kowane ɗaki na batirin, kar ɗaya ya cika ya wuce kima. Lambar kuma akwai iyakarta a rubuce a jikin batirin."

"Ban taɓa karantawa ba."

"Kuma da zafinsa kika jona?"

"Da zafinsa. A kan kushin."

Ya yi salati a hankali. Ya ce batirin da ya bugu ya lotsa, ko ya fara kumburi ko kaɗan ne, an gama da shi, ba a sake jona shi. Ya ce ba a tafiya a bar shi yana caji, ko da zuwa kicin ne. Na ɗauko biro na rubuta a bayan takardar jarrabawar ɗalibaina, ni da nake faɗa wa yara kullum su karanta umarni kafin su fara amsa.

Na so a haƙura da motar gaba ɗaya. Da Sista ta zo ranar Litinin na ba ta labari, ta je ta ga tudun yashin, don Malam ya hana a taɓa shi sai ya kwana biyu. Ta dawo ta durƙusa gaban Baba ta ce ya faɗi sunana. Ya gwada, bai fito ba. Zuciyata ta karye. Ta ja ni gefe.

"Kar ki sa rai cewa ya warke rana ɗaya," ta ce. "Wani lokaci tsoro kan buɗe ƙofa, ta sake rufewa. Amma yanzu mun san maganar na nan ciki. Shi ma ya sani. Motar nan kuma kar ki ɗauke masa. Ki koyi riƙe ta dai."

Bayan mako uku sababbin batura biyu da caja suka iso ta hannun wani abokin yayana. Kafin su zo Malam ya riga ya shirya musu wuri. Ya samo tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki, ya zuba yashi a gindinta, ya girke ta a ƙarshen baranda kan siminti, inda inuwa ba ta barin wurin kuma ba labule ba katako kusa. Ya ajiye bokitin yashi a gefe. Mai gyaran wuta ya zo ya ja soket zuwa can.

Baba ya karɓi aikin dubawa. In motar ta tsaya, sai in zaro batirin in kai masa, ya ɗora bayan hannunsa a kai. In da ɗumi sai ya girgiza kai, in ajiye shi a inuwa. Sai ya gamsu ya yi sanyi, ya juya shi ya duba kowane gefe, sannan ya miƙo mini. In sa waya mai kauri, in sa ɗan farin kan, in nuna masa lambar, ya gyaɗa kai. Ko an kawo wuta bayan kwana uku, ba ya yarda a yi gaggawa.

Tunda ba a barin batir shi kaɗai, sai ya zama dole in zauna awa guda a gefen tukunyar. Da farko na riƙa zuwa da littattafan yara ina dubawa ina sa maki. Baba na gefe a kekensa, Malam na can yana ban ruwa. Wata rana ina cikin maki na ji ya ce, "Jebba."

Na ɗago. "Jebba, Baba?"

"Gada."

Labarin ranar da ya fara tsallaka kogin Kwara da mota yake son ba ni. Ban taɓa jinsa ba, don da yana da lafiya ba mai zama hira ba ne, ni ma ba mai tambaya ba ce. Ya ɗauke mu zama uku kafin labarin ya kai ƙarshe. Kalma ta zo, biyu su ƙi, in kawo masa wata ya ce a'a, in kawo wata ya ce e. Na fahimci yana saurayi ne a lokacin, ɗauke da buhunan albasa, kuma bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin garinsu ba. Da ya hau gadar sai ya ga ruwa dama da hagu ba iyaka. Da ya tsallaka sai ya faka a gefen hanya, ya sauko, ya koma da ƙafa har bakin gadar don ya sake gani da kyau. Masu kayan na ta yi masa faɗa.

"Ka daɗe a wurin?" na tambaye shi.

Ya ɗaga yatsun dama, ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana lissafi, sannan ya bari.

"Har la'asar," ya ce. "A can na yi alwala."